Ganye a Hanyar Sandamu

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Ni, Alhaji Zailani Abbas, tsohon babban direba, wanda ya riƙe sitiyari shekara arba'in da ɗaya bai taɓa goge fentin motar gwamnati ba, na buɗe wannan littafi ne domin tarihi ya samu shaida guda ɗaya mai gaskiya. Sauran shaidun duk an haɗa baki da su.

Ga halin da ake ciki. Motata tana tsakar gida, an lulluɓe ta da tamfol kamar gawa, tun abin da ya faru a hanyar Sandamu makonni uku da suka wuce. Makullinta yana cikin jakar 'yata Khairunnisa, ma'aikaciyar jinya, wadda na koya wa tuƙi da hannuna, yau kuma ta zama alƙalin tuƙina. Matata Hajiya Rabi ta ce ita ba ta da ta cewa, wanda a gidan nan ma'anarsa ta riga ta faɗa an gama.

Ranar Asabar, 26 ga wata, za a ɗaura auren Jafaru, ɗan ƙanena, a Mashi. Tun da zuriyarmu ta fara zuwa ɗaurin aure da mota, ni nake jan gaba. A rubuta, a ajiye: da motata zan je, kuma ni zan tuƙa.

A madadin makulli, Khairunnisa ta kawo mini kwamfutar mijinta, da wani sitiyarin roba wanda bai fi faifai ba, da wasa a ciki.

"Baba, ga mota nan, ka tuƙa son ranka," in ji ta. "Wannan ko ka buga ta ba wanda zai kwana a asibiti."

Na ce mata ban fahimci inda maganarta ta dosa ba. Ta ce ta san na fahimta.

Idona lafiya lau.

Talata, 8 ga Yuli, bayan La'asar

Na duba wasan, ba don sha'awa ba, sai don in auna girman cin mutuncin da aka yi mini.

An ajiye mutum a wata ƙasa da jama'arta suka gudu, an ba shi gareji da wata tsohuwar mota wadda ko kyauta aka ba ɗan acaɓa sai ya nemi shawara. Aikinsa shi ne ya fita da ita daji, ya tsinto tarkace, ya dawo kafin wata jar guguwa mai cin ƙarfe ta rufe hanya. A garejin akwai teburin aiki, a kansa ake harhaɗa tarkacen su zama ƙofa, ko taya, ko batir. Guntun ƙarfe, roba, tsumma, wayar wuta, salatif, fasasshen gilashi. Wato dai, a taƙaice, an mai da babban direba ɗan gwangwan.

Daga ina ake samun tarkacen? Daga matattun motocin da ke zube a gefen hanya. An miƙo mini zarto mai inji wai in yanka su. Na ƙi. Mota ko ta mutu tana da mai ita, kuma ban kai shekara sittin da bakwai ba don in fara sata a gaban kwamfutar suruki. Na koma gareji da tsumma biyu da mutuncina.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, duk motocin nan babu wadda aka sa wa ganye. Duk direban da ya samu tarbiyya ya san cewa idan mota ta mutu a titi, kafin ka buɗe murfin inji sai ka karyo ɗanyun rassa ka jera su a kan kwalta, taku arba'in gaba, taku arba'in baya, domin mai zuwa ya gani ya kauce. Ni na koya wa rabin direbobin Daura wannan ƙa'ida, wasunsu da mari. Masu wasan nan ba su san ta ba. Ƙasar da ba a sa ganye, dole jama'arta su gudu.

Laraba, 9 ga Yuli, da hantsi

Na yanka mota ɗaya. Mai ita bai zo ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan Azahar

Na yanka goma sha ɗaya. Na haɗa sabuwar taya da roba shida da ƙarfe biyu, kuma duk da ƙiyayyar da ke tsakanina da wasan, dole in amsa cewa tayar ta yi kyau.

A kan hanyar dawowa wata matacciyar mota ta ɓullo daga inda ba ta nan, ta ci mini fitilar dama. Babu ganye. Ina so a lura da wannan.

Teburin aiki ya ce sabuwar fitila tana buƙatar ƙarfe biyu, waya ɗaya, da gilashi huɗu. Ƙarfen da na tara zai isa a yi wa kasuwar Daura rufi. Gilashi ko ɗaya ban gani ba.

Ina cikin wannan Hajiya ta leƙo.

"Alhaji, Maman Chibuzor ta aiko da gaisuwa. Ta ce an sallamo mai gidanta daga asibiti jiya."

"Allah ya ƙara wa kowa lafiya."

"Ba za ka je ba?"

"Hajiya, guguwa na tafe, kina tsayar da ni da zance."

Mai gidan da ake magana wani mutum ne da na yi alkawarin ba zan ƙara ambaton sunansa ba, wato Nwafor, mai shagon kayan gyaran mota a bakin tasha. Shekara talatin da uku duk wata ƙusar da ke jikin motata daga hannunsa ta fito. Duk Asabar tare muke fita, ni ina tuƙi, shi yana zaune a gefena yana cin gyaɗata yana gyara wa gwamnati kurakuranta. Shi ne kuma wanda, yana kwance a gadon asibiti, maimakon ya ji da ƙafarsa, ya kira Khairunnisa ya gaya mata abin da ba a tambaye shi ba. Daga bakinsa aka kwashe ni zuwa asibiti a Katsina, aka sa ni leƙa wata ƙwarya mai ƙyalƙyali, aka ce in danna maɓalli duk sanda na ga haske. Aka ba Khairunnisa takarda. Ban karanta ta ba, domin ba na karanta ƙage.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan saukowa daga masallaci

Na je masallaci a ƙafa kamar baƙo. Mutum uku sun yi mini jaje, ban san na mene ne ba. Kabo bakanike ya ce wai ya ɗaga mini hannu a bakin ƙofa na share shi. Da ya tsaya inda mutanen kirki suke tsayawa da na gan shi.

Da na dawo, kafaɗata ta dama ta daki gefen ƙofar zaure. Maginin ne ya karkatar da ita shekara ashirin da suka wuce, sai yanzu ha'incin ya bayyana.

Lahadi, 13 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Ranar baƙin ciki a tarihin tuƙi.

Na fita tun bayan karin kumallo da niyyar ba zan dawo ba sai da gilashi. Na shiga gidajen mutanen da suka gudu, na buɗe akwatunansu, na kwashi salatif da tsumma ba tare da kunya ba, domin kunyata ta ƙare tun ranar Laraba. Na yanka wata doguwar mota mai tagogi goma sha biyu. Duk mai hankali zai ce tagogi goma sha biyu za su ba da gilashi. Na durƙusa na tsince abin da ya zubo: ƙarfe, ƙarfe, roba, ƙarfe. Ina cikin bincike sararin sama ya yi ja. Na ja mota da gudun da ban taɓa yi wa kwamishina ba, ƙofar dama ta gogi wani dutse ta fita, karo na uku ke nan a mako guda, guguwa ta cim mini, na farka a gareji, but ɗin motar da na loda wa kaya wayam.

Na lura cewa masu wasan nan sun tara duk duwatsunsu da itatuwansu a gefen dama. Wannan ba kuskure ba ne, mugunta ce.

Khairunnisa ta shigo tana duba kwalbar maganin da aka ce in riƙa ɗigawa a ido.

"Baba, ko buɗe ta ba a yi ba."

"Ina ajiye ta ne saboda mai ciwo, ko Allah zai kawo shi."

"Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma wanda ya rage za a iya tsare shi. Wanda ya ragen nake roƙon ka."

"Likitan nan ya taɓa yin ribas a lungun rijiyar Kusugu ranar da baƙi suka cika shi?"

"Bai taɓa ba, Baba. Bai kuma taɓa..."

Na gode mata da ta tuna wanda ya haife ta. Na nemi makulli, ta rungume jakarta kamar na ce ta ba ni ƙodarta.

Idona lafiya lau. Kuma ranar nan a hanyar Sandamu babu ganye.

Talata, 15 ga Yuli, da azahar

Wasan nan ya koya mini abu ɗaya mai amfani: wanda aka hana mota, sai ya haɗa tasa. Khairunnisa ba ta san cewa babban direba ba ya zama da makulli ɗaya ba. Na biyun yana bayan tsohuwar rediyona, inda ake sa batir, tun kafin a haife ta. Abin da ya rage shi ne kayan gyara.

Na sa babbar riga na tafi bakin tasha. Na san mutumin yana gida, don haka matarsa Nneamaka, Maman Chibuzor, ita zan tarar a shago, kuma na ɗauka da mace za a yi magana ta hankali.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Abokinka ka zo dubawa? Ai yana gida, ka san hanya."

"Madam, ciniki ya kawo ni. Fitilar gaba nake so, ta dama."

"Babu."

"Ga ta can a kan kanta cikin kwalinta, ina kallon ta."

"Eh, ai tana ta hagunka ne."

Na yi kamar ban ji ba, domin akwai maganganun da girman mutum ba ya barin su shiga kunnensa. Na ce mata shagon nan da motata aka yi masa harsashi. Ta ajiye biron da ke hannunta.

"Alhaji, ina ganin girmanka, Hajiya kuma yayata ce. Amma mijina ƙafa biyu Allah ya ba shi. Ɗayar da ta rage ina so a bar mini ita. Ba zan sayar maka da ko ƙusa ɗaya ba."

Na fita da natsuwa irin ta manya. Na bi ta garejin Kabo, shi ma ya ce babu, tun ban faɗi abin da nake nema ba. Ashe har taro aka yi a kaina. Ƙungiya ce: 'yata ce shugaba, Madam sakatariya, Kabo ɗan aike, mai ƙafar siminti kuma shi ne uban ƙungiya.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan La'asar

Na je filin 'yan gwangwan da ke bayan gari. A da ko tsayawa ba na yi a wurin. Yau na shiga na naɗe hannun riga, kuma sai ga shi na san aikin fiye da masu shi: na san inda ake duba waya, na san robar da za ta yi da wadda ta mutu. Wani daga cikinsu ya tambaye ni a wane gari na yi sana'ar. Na ci gaba da tona tarkacena.

Na samo fitila. Ba irin ta motata ba ce, ta fi ramin girma kaɗan, kuma akwai gidan zanzaro a ciki. Na samo waya da salatif. Na shigo da su gida a cikin buhun masara, na wuce Hajiya da fuskar manomi.

A kwamfuta kuwa har yanzu babu gilashi. Abin da Daura ta ba ni a yini ɗaya, ƙasarsu ta kasa ba ni a kwana goma.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan karin kumallo

Na ɗaga tamfol. Babu abin rubutawa.

Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi

Ina so in tunatar da duk wanda zai karanta wannan littafi cewa darbejiya ta cika garin Daura. A ƙofar gidana ma akwai guda. Reshenta yana iya maƙalewa a ƙarƙashin bambar kowace mota, a ko'ina, ko da motar tana ajiye. Kasancewarsa busasshe, da kasancewar an karyo shi ne da hannu, da kasancewarsu uku, ba hujja ba ce a gaban kowane alƙali.

Na jefa su a murhu. Hajiya ta ga na jefa, ba ta ce komai ba, kuma na riga na bayyana ma'anar wannan.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Nasara.

Na ɗaure fitilar da waya, na naɗe gefenta da salatif, daidai yadda ake yi a teburin aiki. Lagireto yana yoyo, na toshe shi da sabulu kamar yadda magabata suka yi. Ƙofar dama ta lotsa ciki, ba ta buɗuwa, ba ta rufuwa, na ɗaure ta da igiyar guga. A kan kujerar wannan gefen akwai wani tabo wanda ba na baƙin mai ba ne. Na shimfiɗa buhu a kai.

Na murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, ta tashi. Wallahi sai da kajin gidan nan suka san babban direba ya dawo.

Hajiya ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Na shirya wa faɗa, na tanadi jawabi mai sassa uku. Ta zagaya motar a hankali, ta tsaya a wajen igiyar, ta taɓa ta.

"Asabar ɗin ce?"

"Asabar ɗin ce, kuma babu mai hana ni."

"Ni ban ce zan hana ka ba. Ka dai gyara mini ƙofar nan, ba zan iya shiga ta taga da shekaruna ba."

"Ke ai sai ki bi motar Khairunnisa."

"Shekara talatin da takwas in za mu biki a nan nake zama, Alhaji. Ba zan sauka a Mashi daga motar wani ba a ce na bar mijina shi kaɗai. In ka tuƙa, ina wurina."

Ta koma kicin. Jawabina ya tashi a banza. Wannan ita ce biyayyar da ake nema a wurin mace, kuma na yi farin ciki ƙwarai.

Talata, 22 ga Yuli, bayan Azahar

Ban ci abincin rana ba. Miyar ce.

Laraba, 23 ga Yuli, da safe

Na rubuta wa masu wasan takardar ƙorafi mai shafi biyu. Na sanar da su cewa sun manta ba su zuba gilashi a ƙasarsu ba, cewa duwatsunsu duk sun koma gefe ɗaya, cewa rashin ganye abin kunya ne ga iyayensu. Ban san adireshinsu ba. Na sa ta a ƙarƙashin kwamfutar, su gani.

Na gyara ƙofar dama. Tana buɗuwa. Na daɗe a tsaye ina kallon buhun.

Idona lafiya.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan Magariba

Zan rubuta abin da ya faru yau kamar yadda ya faru, domin littafin nan na gaskiya ne, ko da gaskiyar ba ta da ladabi.

Bayan La'asar adaidaita ta tsaya a ƙofar gida. Na ji ƙwas, ƙwas, a zaure, sai ga Nwafor da sanduna biyu, ƙafarsa ta dama naɗe da farin siminti har gwiwa, ya rataya leda a wuya. Ya rame. Ba ni na ce ya zo ba.

"Salamu alaikum, Cif. Na ji an ce ƙafarka ce ta karye, shi ya sa ba ka zo duba ni ba. Na ce bari in zo in yi maka sannu."

"Gidan nan ba ya karɓar masu kai rahoto."

"To ka kore ni, in ka iya ɗaga ni."

Ya zube a kujera, ya ciro kwali daga ledar ya dangwarar a kan tebur. Fitilar nan ce ta kan kanta, sabuwa fil.

"Madam ba ta san na ɗauko ba. Na ji ka ɗaure wata da salatif kana zubar mini da mutunci a gari. Shekara talatin da uku motar nan ba ta sa kayan bola ba."

"Ashe uban ƙungiya ya tuba."

"Ban tuba ba. Abin da na gaya wa Khairunnisa, gobe ma zan faɗa. Amma ba ni da ƙafar da zan tare ka, Cif. Ka sa fitilarka. Kafin nan nuna mini motar nan da aka ce ta mai da kai ɗan gwangwan."

Na kunna, don ya ga yadda ake tuƙi ko a roba. Ya ja kujerarsa da ƙyar ya koma damata, wai wurin da ya saba. Muka fita daga gareji. Ba mu yi nisa ba ya daka tsawa, "Mota, Cif!" Na kauce, ba don tsawarsa ba, dama ina da niyyar kaucewa. Na tsaya, na sauka, na yanka motar da ƙwarewa, na tsince ƙarfe da roba, na juya zan tafi.

"Ina za ka? Ka bar gilashin."

"Babu gilashi a wasan nan. Na riga na rubuta musu."

"Ga shi nan. Ɗaya, biyu, uku... bakwai. Cif, kusan a kansu kake tsaye."

"Nwafor, ciwon ya taɓa maka kai."

"Kada ka motsa komai. Kanka kawai za ka juya. Ƙara. Ƙara kaɗan."

Na juya kaina har wuyana ya yi ƙara. Suna nan. A gefen dama na allon, a zube cikin ciyawa, suna ƙyalli kamar an wanke su. Na tuna doguwar motar nan mai tagogi goma sha biyu.

Sararin saman kwamfutar ya fara ja, ban damu ba.

"Ranar Sandamu ma haka na ce maka," in ji shi, a hankali. "Sau uku na ce ganye."

"Babu ganye."

"Cif."

Na kafa wa allon ido.

"Direban tifar nan da muka buga ya jera su taku arba'in, yadda ka koya musu. Na ji su suna karyewa a ƙarƙashinmu."

Da na rasa inda zan sa fuskata, sai na ɗaga murya yadda za a ji a kicin, na ce shin a gidan nan an daina kawo wa baƙo ruwa ne, ko sai an rubuta takarda.

Muryar Hajiya ta fito daga dab da kafaɗata ta dama.

"Tun kafin ku yanka motar nake tsaye a nan da tire, Alhaji."

Na juya. Tana nan, taku ɗaya daga inda nake, da kofi biyu na zoɓo. Ƙanƙarar ciki har ta narke.

Nwafor ya karɓi nasa, ya ce, "Na gode, Hajiya. Ranar Asabar wa zai zauna a wurina?"

"Ni," in ji ta.

Ya dubi simintin ƙafarsa, ya shanye zoɓonsa, ya nemi a miƙo masa sandunansa. Ni na miƙa masa. A zaure na riƙe masa hannu saboda ƙofar nan karkatacciya ce.

Guguwa ta cinye motar, da gilashin, da komai.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan Asuba

Na ɗiga maganin. Ba don likitan ba. Kwalbar ce ta tsare mini wuri a kan tebur.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Na yi wanka, na sa farar shadda da hular da na karɓi takardar ritaya da ita. Hajiya ta fito cikin kwalliya, ta tsaya a jikin ƙofar dama tana jira a buɗe mata. Khairunnisa ta iso da motarta, ta ga tamfol a ƙasa, ta ga makulli a hannuna, ta dafe ƙirji.

"Baba, dama akwai wani?"

"Akwai abubuwa da yawa da likitanki bai sani ba. Matsa."

Na wuce su na fita ƙofar gida. Na karyo rassan darbejiya ɗanyu, cike da hannu biyu. Na fara daga gaban motar, ina taku ina ajiyewa. Tsakar gidana taku goma sha biyu ce, don haka na bi ta ƙofar mota na fita titi na cike arba'in, domin ƙa'ida ba ta san girman gida ba. Ta baya na yi taku shida na ci karo da bangon kicin, na tara sauran a gindinsa.

Kabo yana wucewa a kan babur, ya ga ganyen, ya rage gudu, ya kauce, sannan ya tsaya ya dube ni. Ni na koya masa. Ya kashe babur ɗinsa ya tura shi da hannu har ya wuce na ƙarshe.

Na miƙa wa Khairunnisa makullin. Ta fara kuka, na ce mata direba ba ya kuka kafin tafiya, yana ɓata madubi. Hajiya ta bar jikin ƙofar dama ta nufi motar Khairunnisa.

Akuyar maƙwabta ta fara cin ƙa'idar daga taku na talatin. Na bar ta.

Asabar, bayan La'asar

An ɗaura. Motar Khairunnisa muka shiga, ita ce ta ja gaba. Na zauna a kujerar dama, kuma na gano wata hikima a zaman: daga nan idona mai kyau a kan direba yake sauka. Tsakanin Daura da Mashi ta yi kuskure goma sha huɗu, na sanar da ita kowanne a kan lokacinsa. Ta ce a dawowa in koma baya. Ban koma ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan Azahar

Nwafor ya zo daga coci kai tsaye. Na mayar masa da kwalinsa, na ce ya ajiye a kan kanta kafin Madam ta lura. Ya ce ta lura tun ranar, a kan tabarma yake kwana.

Na miƙe tsaye, na gyara riga, na ce masa a madadin kaina da kuma kujerar babban direba, ina so in bayyana cewa game da abin da ya faru a hanyar Sandamu, da kuma makonnin da ban taka gidansa ba... A nan tari ya katse ni. Ina zargin barkonon Mashi.

"Na ji, Cif. Zauna ka tuƙa."

Muka fita. Ni ina tuƙi, shi yana kiran dama: dutse, itace, mota, gilashi. Yana da yawan surutu, kuma ya cinye mini gyaɗa. Mun dawo gareji kafin guguwa da ƙofofi huɗu cur, abin da bai taɓa faruwa ba. Na ɗora ƙarfe biyu, waya ɗaya, gilashi huɗu a kan teburin aiki. Na ɗaura fitilar. Na shiga na kunna.

"Ta kama?" na tambaye shi.

"Ta kama, Cif. Tana haska har bango."

Ban juya kaina ba. Na yarda da maganarsa.